Ruwan Da Ya Daskare A Tsakar Gidanmu

Hancina ne ya fara gaya mini akwai wata a ƙasa. Shekara da shekaru ina suyar gyaɗa ina matse mai a gidanmu na Ƙafin Maiyaki, don haka ba warin da zai shigo gidan nan ban san uwarsa da ubansa ba. Wannan kuwa ban san shi ba. Ya yi kama da na fenti, ya kuma yi kama da na maganin ƙwari, ga shi da kama maƙogwaro. Daga shagon da ke jikin zaure yake fitowa, ɗakin da autanmu ya tare a ciki bayan ya dawo daga Kano, inda ya daɗe yana gyaran waya.

Mu uku ne a gidan: ni da na dawo gaban Baba tun rasuwar maigidana, da Auta, da Baba. Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a tashar Dangora ya yi rayuwarsa yana juya layi yana ɗaga tuta. Tsufa ya kama shi, ido ya yi rauni. Cinsa da shansa da maganinsa duk a hannuna suke, kuma duk abin da zai taɓa shi sai ya bi ta kaina. Ban shirya barin kowa ya cutar mini da shi ba, ko da kuwa cikinmu ɗaya.

Auta ya toshe tagar shagon da kwali da baƙar leda. In zai shiga sai ya sa safar hannu ya ɗaura takunkumi. Rannan na tare shi a zaure.

"Auta, me kake dafawa a ɗakin nan?"

"Ba girki ba ne, Yaya. Firinta ce."

"Firintar da na sani takarda take fitarwa."

"Wannan kaya take fitarwa. Ƙaramin jirgin ƙasa nake haɗawa, irin na ɗorawa a kan tebur. Ƙafafunsa da taragai da ƙugiyoyin da ke haɗa su, duk ita ke yi mini."

Na dube shi sama da ƙasa. Ƙato da gemu, sa'o'insa suna kai 'ya'ya makaranta, shi yana gaya mini wai jirgin wasa yake yi. Ya ga ban yarda ba, sai ya buɗe ƙofa ya ce in leƙa. Wani ɗan akwati na gani mai jan murfi, a cikinsa akwai tire cike da ruwa mai kauri, launin toka, kamar koko ya kwana. Wani faranti na sauka cikin ruwan yana ɗagowa a hankali, ga wasu abubuwa a manne a ƙarƙashinsa, kai ƙasa, kamar jemagu. Ya ce sunan ruwan rezin. In kayan sun fito sai ya wanke su a sifirit, ya yanke 'yan tsinkayen da suka riƙe su.

"Ja ƙofar, Yaya," in ji shi. "Ruwan ba ya son rana."

Wannan magana ita ta tsaya mini a rai. Mu a gidanmu gyaɗa a rana ake shanya ta, hatsi a rana, magana ma in ta gaskiya ce a sarari ake yin ta. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ruwan ba ya son rana, amma 'ya'yan da ya haifa Auta kan jera su a faranti ya ɗora a kan katanga su sha hantsi. Na ce a raina, ruwa dai ba ya tsami banza.

Da a ɗakinsa abin ya tsaya da na kawar da kai. Sai ya soma jan Baba. Kullum da safe zai zauna kusa da shi a kan tabarma, ya sa masa wani abu a tafin hannu, Baba ya yi ta shafawa da yatsa suna ƙus-ƙus. Da na doso sai su yi tsit. Kunun da na dama ya huce a kwano ba a sha ba. Wata rana ya goya shi a mashin har Dangora ba tare da ya gaya mini ba, suka dawo Baba na tari. Bayan nan ya sa aka tono tsohuwar hular aikin Baba daga ƙasan akwati, ya ɗora masa, ya zagaye shi da waya yana ɗaukar hotonsa gaba da baya da gefe.

Kwana uku da yin haka na je kwashe shanya, na leƙa farantin da ke kan katanga. Cikin 'yan ƙafafun jirgi na ga mutum-mutumi, bai fi ƙwayar wake biyu ba. Yana da hula. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, daidai yadda ta Baba ta sauka. Na tuna duk labaran da na taɓa ji na waɗanda ake yi wa siffa don a juya musu hankali, na tuna gonar Baba ta bakin rafi, na haɗa wannan da wancan, biri ya yi kama da mutum. Ban tambayi Auta ba. Na riga na yanke cewa duk abin da zai faɗa ƙarya ce.

Na kira Baffa, ƙanin Baba da ke Kiru, na zayyana masa komai har da ƙari. Muka sa ranar da Auta zai tafi gyaran waya kasuwar Tudun Wada. Baffa ya iso da hantsi, ya kira maƙwabtanmu biyu dattawa don su zama shaida. Makullan gidan duk a hannuna suke, na buɗe shagon.

"Ba a duba abu a duhu," in ji Baffa. "A fito da shi fili kowa ya gani."

Na kwance tiren na ɗauko shi da hannu biyu, ina bismillah, na ajiye a tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi. Na ajiye mutum-mutumin a gefe. Muka zagaye shi. Ba a jima ba saman ruwan ya yi yana, ya soma tauri muna kallo. Ɗaya daga cikin dattawan ya taɓa gefen tiren ya janye hannu da sauri, ya ce zafi. Baffa ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ta yi ƙara kamar ya bugi dutse. Aka ɗauki a'uzubillahi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji, don ga shaida ta fito a gaban mutane.

Baba na ɗaki yana ta tambaya me ake yi, na ce masa ya kwanta ba komai.

Da la'asar Auta ya dawo ya tarar da mu. Ya dubi tiren, ya dubi ƙofar shagonsa a buɗe, ya dube ni. Baffa ya gaya masa abin da ake zargi, bai ɓoye komai ba. Auta bai ɗaga murya ba. Ya shiga ya ɗauko kwalbar ruwan, ya ɗiga kaɗan a cokali ya miƙa a rana, ya daskare a gabanmu. Ya ce haske ne ke daskarar da shi, injin ma da haske yake aiki, kaɗan-kaɗan, har siffa ta fito. Sannan ya kira mu cikin shagon, ya janye wani zane da ya rufe teburin ƙuryar ɗakin. Tashar Dangora ce, da layinta da rumfarta da tankin ruwa, da wani ɗan gurbi a bakin layi inda mai tuta, wato mutum-mutumin Baba, zai tsaya.

Dattawan suka yi ta kallo, ɗaya har da dariya. Baffa ya yi gyaran murya ya ce zato zunubi ne, a yi haƙuri, magana ta wuce. Ni ma na ce a yi haƙuri, amma a ciki-ciki na faɗa, don har lokacin ina neman inda zan kama shi.

"Yaya," in ji Auta, "tiren zan samu wani. Amma kin tara mini mutane a kan ina yi wa mahaifina asiri. Wannan a ina zan wanke shi?"

Bayan kwana biyu ya ɗaure kayansa ya koma Kano. Ya durƙusa ya yi wa Baba sallama, ni ma ya yi mini, cikin ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo.

Washegari na kai wa Baba kunu da zafinsa. Na zauna a inda Auta ke zama, na ce ga shi yau zai sha a kan lokaci. Ya karɓa ya ajiye. Na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, me ya sa suke yin shiru in na zo.

"Ke ce kika hana," ya ce. "Duk ran da na ɗauko zancen jirgi sai ki ce in bari in huta."

Na ce ai don lafiyarsa nake yi.

"Na sani, Allah ya yi miki albarka. Amma tun da na bar aiki, ba wanda ya tambaye ni komai a gidan nan sai yaya ƙafa, me za ka ci. Shi kuwa kullum sai ya kawo abu ya ce, Baba, haka yake? In ce a'a, bakin ƙafar ya yi faɗi, je ka sake. Ya je ya sake." Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin muryata. "Yanzu wa zan ce wa ya sake?"