Cleophus Gaither, Abokin da Na Yi wa Ƙyashi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, ina filin atisaye ina faɗa da 'yan wasana sai wayar Ernestine ta shigo. "Orval, ɗan'uwanka ya tafi," abin da ta iya faɗa ke nan. Allah ya yi wa mijinta, Koci Cleophus Gaither, rasuwa da hantsi, bayan wata bakwai yana fama da ciwon daji. Shekarunsa saba'in da ɗaya.

Cleophus, jaridu sun yabe ka, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma na fi su saninka, kuma na fi shekara talatin ina jin ƙyashinka. Ba zan yi maka ta'aziyya in ɓoye wannan ba.

A 1972 muka haɗu a ƙaramar kwalejinmu ta Tallow Bend, nan Mississippi. Ɗakinmu ɗaya, ƙungiyarmu ta zari-ruga irin na Amurka ɗaya. Ni nake jefa ƙwallo, kai kake tare ƙartin da ke son murƙushe ni. Ladanmu karatu kyauta da abinci sau uku, wake da burodin masara, ranar Juma'a soyayyar tarwaɗa. A lokacin ɗan wasan kwaleji bai isa ya karɓi ko sisi ba. Ni kaina an hana ni wasa biyu saboda wani mai kanti ya ba ni takalmi kyauta. Da na karye a ƙafa, mako shida kana goya ni zuwa aji a hawa na uku, kana haki kana cewa in rage cin wake.

Mun gama, muka zauna muna horarwa tare, har 1989 da babbar jami'ar da ke tsallaken jiha ta ɗauke ka. Na bi gari ina cewa ka sayar da kanka. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ni ma na nemi aikin nan. Ba a ko kira ni ba.

Daga nan hanyarmu ta rabu. Filinku na cin mutum dubu casa'in, gidajen talabijin na zuba muku kuɗi, kuna tafiya wasa a jirgin sama. Mu kuwa awa goma sha ɗaya a bas, wani lokaci da turi. Albashinka na shekara ya fi abin da kwalejinmu ke kashewa a kan wasanni baki ɗaya.

Amma ba ka manta da mu ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Duk bazara sai mota ta sauke mana hulunan kwano da takalman da kuka daina amfani da su, an kankare tambarinku tsaf don kada yarana su ji kunya. Kai ka sa jami'arku ta gayyace mu wasa a kan dala dubu ɗari shida. Kowa ya san kuɗin shan duka ne za a biya mu. Aka lallasa mu sittin da shida da uku, ka tsallako fili ka rungume ni, ni kuma na karɓi kuɗin. Da su aka gyara rufin ɗakin motsa jiki, da su ƙungiyar wasan 'yan matan kwalejinmu ta rayu shekara biyu. Na rubuta maka godiya ina cizon leɓe.

Sai doka ta sauya, aka fara biyan 'yan wasa a fili, kowa kuma na iya komawa inda aka fi tsoka. Ina da wani mai jefa ƙwallo, Kendrell Boykin, wanda na tsinto a makarantar ƙauye babu mai kallonsa. Shekara biyu ina gyara masa hannu. Tunda nake aikin nan ban taɓa riƙe irinsa ba. Kafin ka tuntuɓe shi, ni ka fara kira.

"Orval, yaron nan naka nake so. Dala dubu ɗari takwas za mu ba shi."

"Kai ko kunya ba ka ji? Kana da ɗari, ni ɗaya tak gare ni."

"Tsoho, uwarsa a tsohuwar tirelar da aka mayar gida take zaune, ruwa na zuba a kanta. Kai me za ka ba shi? Wa'azi?"

Na kashe wayar. Kendrell ya zo ya yi mini sallama yana hawaye, na ce Allah ya ba da sa'a ban ɗago kai ba. Shi ma ƙyashinsa na ji. Ɗan shekara ashirin zai karɓi abin da ban tara ba duk rayuwata, ni da aka hukunta a kan takalmi. Kusan shekara ɗaya da rabi ban ƙara yi maka magana ba.

Ernestine ce ta tuƙo mota har ƙofar gidana a watan Afrilun bana. Ta ce, "Shiga mu tafi. Ku tsofaffin nan kun ishe ni." Na same ka a asibiti, ƙaton da ya goya ni ya zama ƙashi da fata. Na ɗauka haƙuri za ka ba ni.

"Ka ji labari?" ka ce. "Yau da safe wata jami'a a yamma ta ƙwace mini Kendrell. Miliyan biyu. Ba mu da shi."

Allah ya gafarta mini, wani sanyi na ji a ƙirjina. Ka kuwa gani.

"Dubi fuskarsa! Yi dariyarka, mugu, kada ta kashe ka."

Muka yi ta dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta tsawata mana. Daga ranar, duk Lahadi bayan coci ina gefen gadonka. Ba ka taɓa cewa ka yi kuskure ba, ni ma ban ce ka yi daidai ba. Uwar yaron dai tana cikin gidan bulo yanzu.

Ranar Asabar mutum dubu casa'in suka miƙe tsaye suka yi shiru dominka, hotonka a babban allon fili. A waya na kalla, muna cikin bas. Na yi kuka, kuma a tsakiyar kukan na kama kaina ina lissafin mutum nawa za su tsaya mini. Har a mutuwa ban bar ka ka huta ba, Cleophus. Ka yafe mini.

Ubangiji ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa mutumin da bai iya godiya ba. Ya ba 'yar'uwata Ernestine haƙurin wannan rashi, da 'ya'yanku Loretta da Alphonse, da jikokinku biyar, da duk yaran da suka bi ta hannunka. Ni kuma ya wanke mini zuciya kafin in biyo ka. Amin.

Orval Whitlow
Tallow Bend, Mississippi