Hoton Jaririya da Ya Ƙi Buɗewa

Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba aka haifa mini 'yata ta fari a gidanmu na Dukawuya. A lokacin wayar salula ta fara shiga hannun mutane, ni kuma ina koyon gina shafin intanet a wani kafe, wato shagon intanet, kusa da Ƙofar Ɗan Agundi.

Yayata, wadda ta goya ni, tana aure a Agadas, ba ta samu zuwa suna ba. Sai na yi mata shafi na sa hoton jaririyar. Kod ɗin, wato rubutun umarnin da ke gina shafi, na kwaso shi ne daga shafukan mutane, duk abin da ya burge ni na zuba: taurari masu zubowa, agogo, kiɗa, har da na kwandon sayayya, alhali ba abin da nake sayarwa.

Ta kira daga kafen garinsu. "Kai, tun ɗazu nake zaune. Taurari kawai nake gani. Ina 'yar tawa?"

Umma, mahaifiyarmu, ta ji. Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta ce in kai ta kafen da nake koyon aikin. Ba ta taɓa shiga kafe ba. Mai wurin ya ba ta kujerarsa, ta zauna a gefena da carbi a hannu.

"Me ya hana ta gani?"

Na ce, "Layinsu ba ƙarfi, Umma. Sai kwamfutarta ta sauke duk wannan rubutun kafin ta kai ga hoton."

"To, rage mana."

Na fara gogewa. Abin da ya ba ni mamaki, yawancinsa ba ya aikin komai; in goge layi, in duba, shafin yana nan yadda yake. Taurarin ne suka yi mini wuyar rabuwa, don na sha wahala kafin su zubo. Umma ta ce kyawunsu da kyau, amma a cire. Na cire, ya rage hoto da gaisuwa.

Bayan la'asar, muna gida, wayata ta yi ƙara. Ko sallama Yaya ba ta yi ba.

"Na gan ta! Wallahi hancin Baba ne!"

Umma ta karɓe wayar tana dariya, ta ce ba ta yarda ba, hancin nan na wajenta ne. Suka yi ta musu, har jaririyar ta farka aka miƙo mini ita.