Bijimi Mai Jan Ƙaho

Har gobe ban manta da ranar da bijimin Arɗo Buba ya shiga layin masu ciki ba. A shekarun farko na Jihar Jigawa ne, ina ƙaramin malamin dabbobi a Gwaram, da wani babur da sai an tura shi yake tuna aikinsa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, idan rani ya yi nisa ciyawa ta ƙare, saniya mai ciki ce ke fara shan wuya. Ta rame, ta haifi maraƙi kamar kyanwa, ko ta kwanta ta kasa tashi. Shi ya sa aka ba mu dusa da angurya da gishirin lasa, aka ce na masu ciki ne kaɗai. Ni ke zuwa ruga in duba kowace saniya da hannu, wadda na tabbatar tana da ciki in shafa mata jan fenti a ƙaho. Da na gama da rugar Arɗo Buba a wajen garin Sara, na bar masa gwangwanin fentin don ya riƙa sabunta wanda ya goge.

Sai ga shugabanmu daga Birnin Kudu ya zo zagaye. Mutum ne mara wasa, tun a mota ya gaya mini duk rugar da ya ga an karkatar da abincin nan, ranar za a janye shi. Shanun Arɗo kuwa haihuwa ta kusa, in aka janye sun shiga uku.

Muka isa da hantsi an zuba dusa a komi, shanu sun jeru. A tsakiyarsu ga wani ƙaton bijimi, tozo kamar tulu, ƙaho jawur har da ɗigo a kunne, yana ture matan yana ci.

Yallaɓai ya zagaya shi a hankali, ya leƙa ƙasa, ya dube ni. "Malam Sule, wannan cikinsa wata nawa?"

Arɗo ya gyara sandarsa a kafaɗa, ko a jikinsa. "Yallaɓai, duk cikin nan da kake gani aikinsa ne. A gidanka in an dama wa mai jego kunun kanwa, kai maigida ba ka ɗan kurɓa?"

Ashe ya taɓo wuri. Matar Yallaɓai ba ta daɗe da haihuwa ba, mun je suna, kuma duk ofis an lura rigarsa ta fara matse shi. Ya dubi tumbinsa, ya dubi bijimin, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa mota.

"Ina kurɓa, Arɗo," in ji shi, "amma sai ta ƙoshi."

Nan ya yanke hukunci a ɗaure bijimin a gindin bishiya har matan su gama, sannan a sake shi ya lashe komi. Ba a janye abincin ba. Muka goge ƙahon da kalanzir, fentin ya ƙi fita, haka ya ƙare rani ana ce masa Angon Ƙarni. Shanun kuwa duk sun haihu lafiya, na ji daɗi ƙwarai.

Abin da na koya shi ne, makiyayi ba ya iya tsayawa yana kallon wata dabbarsa na ci wata na haɗiyar yawu. Tun daga ranar, duk rugar da na je sai na faɗi rabon bijimi tun kafin a tambaye ni, sannan in ɗaure gwangwanina a bayan babur in tafi da abina.