Sandar Kaka da Tsutsar Sarkin Rum

Ina 'yar shekara tara Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo mana daga Damagaram. A McLeansville muke zaune lokacin, can ƙasar waje, cikin wani tsohon gidan haya mai murhu a jikin bangon falo. Ba mu taɓa hura masa wuta ba sai da ta zo, don ta ce ɗumin na'ura ba ya kai mata ƙashi. Bizarta ta 'yan watanni ce, kuma ta tarar da abin da ya fi sanyin damunta: ni da ƙanena Habibu muna jin Hausa, amma bakinmu ya ƙi ta. In ta yi mana magana, sai mu mayar mata da Turancin da ba ta ji.

Maraicen farko, bayan magariba, ta zauna gaban wuta ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Muka yi tsuru-tsuru muna kallonta, ba mu san ana amsawa ba. Na ga ta juya ta dubi Baba, shi kuwa ya sunkuyar da kai.

Tana da wata sanda mai kauri da ba ta bari kowa ya taɓa. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi, har Mama kan ce in ba a ɓoye abu ba, ba ya ba ni sha'awa. Kaka ta gano lagona tun ba a je ko'ina ba. Washegari ta ɗora sandar a cinya ta ce, "Irin wannan ce ta yi wa Rumawa sutura."

Labarin, in ji ta, daga mahaifinta ta ji shi, mai ɗinkin manyan riguna ne da ke sayen alharini wajen Larabawan Tarabulus. Sarkin Rum yana zaune a Kustantiniyya, birnin da ruwa ya kewaye ta gefe uku, ya gina ɗakin ibada mai ƙubba kamar an kife ƙwarya a sama. Komai yana da shi ban da alharini. Daga ƙasar Sin ake kawo shi, Farisawa na tsakiya suna tsuga masa kuɗi, kuma babu wanda ya san ko a bishiya zaren yake fitowa. Sai wasu malaman Kirista biyu, masu zaman ibada, suka zo suka ce masa tsutsa ce take saƙa shi.

Nan ta katse labarin ta shiga gyara itace.

"And then?" in ji Habibu.

"Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, maigida," ta ce masa, da sunan da take tsokanarsa da shi. "Wanda ke son ƙarshe ya tambaya da bakin da zan ji."

Na yi ta juya harshe har na haɗo, "Sai... sai me ya faru?" Ta yi dariya har da tafi, ta ce Hausata kamar ta ɗan koyon keke, amma dai ta iso.

Haka ta riƙa sayar mana da labarin, tambaya ɗaya gaɓa ɗaya. Malaman suka koma gabas, suka dawo da ƙwayayen tsutsar a ɓoye cikin sanda mai rami. Masu tsaron hanya sun bincike jaka da rawani, amma wa zai ƙwace sandar tsoho? Da suka iso aka rufe ƙwayayen da taki don su ji ɗumi, suka ƙyanƙyashe, aka yi ta ba su ganye. Daga nan Rumawa suka saƙa nasu, suka rina da wani ja mai duhu da gidan sarki kaɗai ke sawa. Kowace gaɓa sai ta haifo mini tambaya. Me ya hana ƙwan fashewa a hanya? Wa ya shuka bishiyar? In na rasa kalma sai in ruga kicin wajen Mama in aro.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Kaka, me ke cikin taki sandar?"

Ta kara mini sandar a kunne. "Kishiya, ba ki ji suna motsi ba?"

Wallahi na ji. Habibu ma ya rantse ya ji.

Ranar da za ta koma, ta jingine sandar a gefen murhu ta ce ta bar mana. Na yi kuka a filin jirgi, kukan gaske, kuma da Hausa na roƙe ta kada ta tafi. Amma muna dawowa gida muka yi kan sandar. Muka murɗa kanta, muka ƙwanƙwasa gindinta, Habibu har ya ɗauko wuƙa. Baba ya tsaya yana kallonmu, sai ya fashe da dariya, ido ya cika da ƙwalla. Ya ce shi ya saya mata ita a kasuwar gwanjo nan Greensboro, ya kai mata filin jirgi saboda ciwon gwiwa. Itace ne zalla, ko allura ba ta da wurin shiga.

Na yi fushi da Kaka sosai. Da ta bugo waya na zazzage mata shi tas, ban tsaya neman kalma ko ɗaya ba. Ita kuwa tana can tana ta dariya tana cewa, "Ƙara faɗa, in ji da kyau."

Da na girma na bi sawun labarin a littattafai. Byzantine Turawa ke ce musu, su kuwa Rumawa suke kiran kansu, kamar yadda ta ce. Malaman biyu suna nan, sandar da takin ma suna nan. Daularsu ta faɗi, ɗakin ibadar ya koma masallaci, amma saƙar ta rayu a hannun waɗanda suka gaje su. Na so in gaya mata duk wannan, sai dai Allah ya riga ya karɓi abarsa.

Sandar tana gidana yanzu. Bara da sanyi na ɗora ta a cinya, na dubi 'yata Mariyama, mai sunan Kaka, na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Idonta na kan sandar ta ce, "Ta zo mu ji ta. Mama, me ke ciki?"

Na kara mata a kunne.