Rana Ce Kawai

Jiya a asibiti aka ɗaura mini abin awon jini a dantse, sai marigayi Baffa ya faɗo mini a rai. Kullum kansa ya sara, sai ya ɗaure goshi tamau da tsumma, ya ce, "Rana ce kawai."

Muna karyar masara a Maska ya ce, "Ɗan nan, ƙeyata ta yi nauyi." Na miƙa masa ƙwaya biyu irin ta 'yan talla, ya kora da kunu mai tsami. Kafin la'asar ya faɗi, baki ya karkace.

Ashe hawan jini ne. Awon minti biyu, ga ni da babur, ban taɓa kai shi ba.

Allah ya sanyaya makwancinka, Baffa. Ni kuma ya yafe mini ƙwayar nan.