Daminar da Inna Hure Ta Tafi Bacirawa

A kasuwar Makoda, can ƙarshen layin masu takin zamani, akwai wata rumfar kwano da ake gyaran injin ban-ruwa da injin casa. Mai rumfar sunansa Zaharaddini, amma kowa Injiniya yake ce masa. Wasu don girmamawa suke faɗa, wasu kuma da ɗan murmushi a gefen baki, shi dai duk amsawa yake yi ba tare da ya ɗago kai ba. Aikinsa ba wanda ya taɓa kushewa. Abin da tsofaffin ƙauyensu ke ganin baƙinsa a kai ɗaya ne: yana kiran 'yarsa ta fari da sunanta. A gaban mutane yake cewa "Halimatu, zo nan," ya ɗora ta a cinya, ya tambaye ta abin da aka koya musu a makaranta. Sai su taɓe baki su ce boko ce ta cire masa kunya. To, ba su san zancen ba. Bokon ma ai ba ta tsaya masa ba.

Shi ma ɗan fari ne, a gidan Malam Tanko, manomin gero da gyaɗa. A gidan nan kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ko uwarsa ba. "Yaron nan" ne, ko "wancan", wani lokacin ma gyaran murya kawai. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. In Malam Tanko ya sayo masa takalmi, sai ya ajiye a ƙofar ɗakin kakar yaron, Inna Hure, ya wuce kamar bai san da shi ba. Ita kuwa tsohuwar sai ta ƙwala wa jikanta kira.

"Maigida, zo ka ga abin da na saya maka da kuɗin daddawata."

"Ke da ko goro ba kya iya saya sai an ba ki?"

"Ka ji mara mutunci. To ubanka ne ya saya. Ya ce kuma ka daina bin Ɗanliti kamun kifi."

Haka magana ke tafiya a gidan. Ta fita daga bakin uba, ta biya ɗakin Inna Hure, sannan ta isa kunnen ɗa. Amsa ma ta nan take komawa. Tsakar gidan ba ta da wani faɗi, amma ba a taɓa tsallaka ta kai tsaye ba.

Yaro ya taso da hannun gyara. Rediyon kakarsa ya fara kwancewa, ya sha zagi, ya mayar da ita tana magana fiye da da. Da ya gama sakandare ya samu shiga wata kwalejin fasaha a Kano, ya yi difloma a fannin injinan noma. Ya yi ƙoƙari sosai, ba a ɗauke masa wannan. Tun kafin ya shiga zangon ƙarshe ya nemi wucewa jami'a kai tsaye zuwa aji biyu. Jami'ar ta duba sakamakonsa na baya, ta duba kwasa-kwasan da ya yi rajista a zangon da ya rage, ta ba shi gurbi a sashen injiniyan noma da sharaɗin ya kammala su duka. Ranar da labarin ya iso gida Inna Hure ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Malam Tanko kuwa ya yanka zakara, kuma an gan shi a masallaci yana ta gaisawa da mutanen da ya riga ya gaisa da su.

Sai malaman kwaleji suka tafi yajin aiki. Kafin a dawo, zangon da ya kamata a yi da rani ya faɗo tsakiyar damina. A cikin kwasa-kwasansa akwai zanen injina, wanda ake yi ranar Asabar kawai, don malamin daga wata makaranta yake zuwa. A daidai lokacin ne kuma autar Inna Hure, Nana Maryam, da ke aure a Bacirawa, ta haifi tagwaye bayan an yi mata aiki. Tsohuwa ta ɗaure kayanta a zane ta tafi zaman jego. Ba wanda ya yi tunanin cewa da ita aka tafi da bakin gidan gaba ɗaya.

Wata Juma'a Zaharaddini ya zo gida bayan an sauko masallaci. Ya zarce gona. Ya tarar ciyawa ta kusa shanye gyaɗa, ubansa shi kaɗai a tsakiyar kunya, yana sara biyu sai ya miƙe ya dafe ƙugu. Ƙannen Zaharaddini a lokacin ba su kai riƙe fartanya ba. Ya tsaya a gindin wata kuka yana kallo, zuciyarsa ta karye. Washegari, Asabar, da ya kamata ya kama motar farko ya koma aji, sai ya ɗauki fartanya ya fara daga ɗaya ƙarshen gonar. Uban na tahowa daga gabas, ɗan daga yamma. Da suka haɗu a tsakiya kowa ya juya ya kama wata kunyar.

Asabar ta gaba ma ya zo. Da ta gaba da ita. Sau da yawa maganar ta zo masa har maƙogwaro: Baba, ina da aji yau. Amma ta yaya? Bai taɓa zama gaban mutumin nan ya fara masa zance ba, bai ma san da wace murya ake yi ba. Uwarsa kuwa in ya shiga gida sai ta tura ƙanwarsa ta kawo masa ruwa, ita ta shige madafa. Ya yi tunanin biyawa Bacirawa, sai ya ga ai abin kunya ne ƙato kamarsa ya je gidan jego ya ce noman ubansa ya hana shi karatu.

Malamin zane ya kira shi ya ce fashinsa ya yi yawa, ko ya ajiye kwas ɗin ko ya faɗi. Ya je wajen malamin da ke kula da ajinsu.

"Ai na zaɓi ne," in ji malamin, yana duba wayarsa. "Ajiye shi ba zai hana ka difloma ba. Gara haka da ya ɓata maka sakamako."

Gaskiya ya faɗa, iyakar abin da aka tambaye shi. Zaharaddini bai ambaci jami'a ba, don a ganinsa mai difloma mai kyau ba wanda zai tsaya neman kwas ɗaya a wurinsa. Ya ajiye zanen injina, ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka.

Gona ta yi kyau a shekarar, abin haushi. Rumbu ya cika, gyaɗa ta yi 'ya'ya. Sakamako ya fito, yana cikin na gaba-gaba. Inna Hure ta dawo da ƙiba da labarin tagwaye, kuma a ƙofar ɗakinta aka tsinci sabuwar shadda ɗinkakkiya ranar da zai tafi tantancewa.

A jami'ar wata mata ce ta karɓi takardunsa. Ta duba, ta sake dubawa, ta ɗago.

"Malam Zaharaddini, ina zanen injina?"

"Na ajiye shi, Hajiya. An ce na zaɓi ne."

"A can na zaɓi ne. A nan kuwa da shi aka ba ka gurbin. Ɗan aji biyu ba ya shiga sai da shi."

Ba ta yi masa tsawa ba, har haƙuri ta ba shi. Da ma tsawar ta yi, da ya samu wanda zai ji haushi. Gurbin aka ba na bayansa. Ya koma kwaleji ya roƙa a bar shi ya ɗauki kwas ɗin shi kaɗai, aka ce wanda ya kammala ya kammala, ba a dawowa.

Bayan la'asar ya shigo gida da shaddar a jikinsa. Inna Hure na ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki, Malam Tanko na zaune a inuwar rumbu yana gyaran igiya. Ya durƙusa gaban tsohuwar ya gaya mata komai, da muryar da ya san za ta kai inuwar rumbu. Hannun uban ya tsaya a kan igiyar.

"Inna," in ji Malam Tanko, idonsa a ƙasa, "tambaye shi me ya hana shi faɗa. Na riga na yi magana da su Ɗanliti za a yi mini gayya. Da na ga yana zuwa duk Asabar, na ɗauka babu karatu, na ce su bar ta."

Zaharaddini ya ji kowace kalma. Duk da haka tsohuwar ta juyo ta maimaita masa, tana hawaye, don haka aka saba.

"Ki gaya masa," ya ce, "ban san wanda zan gaya wa ba."

Ya so ya sake gwadawa ta wata hanyar, ko da daga aji ɗaya ne. Amma a damina ta gaba ciwon ƙugun ya kwantar da Malam Tanko sosai, gandu ya dawo wuyan ɗan fari. Shekara ta bi shekara. Ya kafa rumfa, ya auri Aina'u, aka haifi Halimatu. Abokan karatunsa wasu yanzu suna zuwa da motar ma'aikata su duba madatsun ruwa, in sun biyo ta kasuwa su tsaya su gaisa, su ce masa wallahi duk ajin ba wanda ya kai shi. Ya fi son ranar da ba su biyo ba.

Inna Hure ta rasu tuntuni. Malam Tanko ya tsufa, yana dogara sanda, kuma ranar kasuwa yakan zo ya zauna a bencin rumfar. Jika ba a jin kunyarta, don haka sunanta ba ya yi masa nauyi. Kwanan baya ya zo, ya daɗe yana murza carbi, sannan ya jawo yarinyar kusa.

"Halimatu, gaya wa babanki na ji a rediyo akwai jami'ar da ake karatu daga gida. Sun ce ba ruwansu da shekarun mutum."

Zaharaddini na tsugune a kan wani inji, in ya miƙa hannu zai taɓa gwiwar tsohon. Ya ajiye sifana.

"Halimatu, je ki wajen mai awara ki jira ni."

Yarinyar ta ruga. Ya goge hannunsa da tsumma, ya juyo ya fuskanci ubansa, ya jira. Bai damu da jami'ar ba, wannan ta wuce. So yake tsohon ya faɗa masa da kansa, ko da rabin maganar ne. Malam Tanko ya buɗe baki, ya dubi ƙasa, ya dubi hanyar da yarinyar ta bi. Sannan ya lalubi sandarsa ya miƙe da ƙyar.

"Bari a je," ya ce wa bakin rumfar. "Hadari ya haɗo."

Zaharaddini ya bi shi da kallo har ya shige cikin masu takin zamani, sannan ya ɗauki sifanarsa ya koma kan injin.