Shekarar da Yaya bai yi ƙaho ba

A gidanmu na Gazawa, kafin ruwan shuka ya sauka, kowane magidanci sai ya yi ƙaho. Ba a ɗaukar hauya da mataccen jini a baya. Haka muka tarar.

Da yayana ya fara wankin ƙoda a birni, ni nake raka shi. An sa masa roba a ƙasan wuya, ta nan inji yake jan jini ya mayar. Ta farko ta toshe, jini ya daskare a ciki, aka sha wuya kafin a sa wata. Likita ya ba shi ƙaramar ƙwaya mai tsinka jini, ya ce mini kada a tsallake ta, kada kuma aska ta taɓa shi, don jinin ba zai tsaya da wuri ba. Ya ƙara da cewa wuraren sa roba a jikinsa sun kusa ƙarewa.

Na tsara abin: salla, koko, ƙwaya, sannan in duba ƙyallen da ke rufe robar.

Wata safiya a gida, gab da saukar ruwan shuka, na shigo da koko na iske tsohon wanzamin gidanmu a zaure, ya baje zabira, Yaya ya tuɓe riga.

"Ga jandarma nan, ɗan sandan gida," in ji wanzamin.

Na ce masa, "Baba, naɗe kayanka."

"Ni na yi maka kaciya kana ihu kamar ɗan akuya, yau kai za ka kore ni?"

Yaya ya ce, "Jikina nauyi. A ɗan ajiye ƙwayar in yi ƙaho."

"Yaya, in ka ajiye ƙwaya, roba ta toshe. In ka sha ka yi ƙaho, jini ya ƙi tsayawa. Sa rigarka."

Tsohon ya ɓata rai. Ya ce tun zamanin kakanmu ba a taɓa fita daga zauren nan da ƙaho a bushe ba.

Na ajiye koko, na tuɓe tawa rigar. "Bana ni zan nome gonarsa da tawa. Bayana ne yake da aiki."

Amma sai da Yaya ya haɗiye ƙwayar a gabana kafin na duƙa. Ya zauna yana dariya, yana cewa, "Baba, tsaga da kyau, taurin kan nan a jini yake."

Da muka koma birni aka haɗa robar da inji, jini ya bi ta ba gardama. Ni kuwa ban iya jingina da kujera ba.